Gasar katunan musaya a Saudiyya: tambayoyin da 'yan uwa suke yi kan doka da riƙon gaskiya a teburi

A Jidda nake zaune, kuma kusan duk daren Alhamis ina tare da matasanmu a inda muke haɗuwa mu buga katunan musaya. Wasu a nan aka haife su, Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Wasu ɗalibai ne daga Kano, Zariya ko Damagaram. Wasu kuma daga Makka suke tasowa bayan Magariba. Duk wanda ya yi niyyar shiga gasa karon farko sai ya zo da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na tara su a nan. Dokokin kowane wasa na kamfanin da ya yi shi ne, kuma ana sabunta su, don haka a riƙa duba takardar dokar da ake aiki da ita a ranar gasa.

Wai wannan wasa ba karta ba ce?

Ba ita ba ce. A karta, ko a balot da Saudawa suke bugawa da kati 32 mutum huɗu, katin teburi ɗaya ne kowa ya sani, ana rabawa ne kawai. Balot ɗin ma ta samu gasarta ta hukuma a Riyad tun 2018. A katunan musaya kowa da nasa ƙunshin yake zuwa, wanda 'yan wasa suke kira dek, ya zaɓo katunansa daga cikin dubbai da kamfani ya buga. Magic: The Gathering ne ya buɗe wannan ƙofa a 1993, Richard Garfield ya ƙirƙira shi, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar. Katin Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! na Konami a 1999. A wajenmu Yu-Gi-Oh! ya fi mabiya, domin da yawa sun taso suna kallon katun ɗinsa da Larabci.

To babu caca a ciki?

Iyaye da wannan suke farawa, kuma suna da gaskiya. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya fitar da fatawar hana Pokémon, kuma cikin dalilan da ya kawo har da kamanninsa da caca, saboda yara suna cinye katunan juna. Shi ma Magic a farkonsa yana da wata doka da kowa zai ajiye kati ɗaya, wanda ya yi nasara ya kwashe. An daina ta, an kuma haramta katunan da suka shafe ta a gasa.

A yau dokar gasa ta hana ɗan wasa, alƙali ko ɗan kallo sa kuɗi ko kati a kan sakamakon karawa. Hukuncin mai tsanani ne, yana iya kaiwa ga kora. Konami ma ba ya ba da kuɗi a manyan gasanninsa na kati, sai katunan kyauta da kayayyaki. Sai dai akwai wurare biyu da nake cewa kowa ya kai wa malamin da ya amince da shi: biyan kuɗin shiga idan daga cikinsa ake fitar da kyauta, da sayen fakiti a rufe kana fatan kati mai tsada ya faɗo. Mu a zamanmu kuɗin da ake karɓa na wuri ne da shayi, kyautar kuma wani daga cikin manyanmu yake ɗaukar nauyinta. Ni kuma shawarar da nake ba ƙanne ita ce su sayi katin da suke buƙata ɗai-ɗai, sun san me suka biya, sun san me suka karɓa.

Kati nawa ya kamata dek ɗina ya ƙunsa?

A Yu-Gi-Oh! babban dek daga 40 zuwa 60 ne, da ƙarin dek na dodanni na musamman da bai wuce 15 ba, da dek na gefe, wato katunan da kake canji da su tsakanin wasa da wasa, shi ma 15. Kati iri ɗaya ba ya wuce 3, kuma Konami yana fitar da jerin katunan da aka hana gaba ɗaya ko aka rage zuwa 1 ko 2. A Magic aƙalla 60, iri ɗaya ba ya wuce 4 in ban da katunan ƙasa na asali (katunan ƙasa su ne masu ba da ƙarfin buga sauran katuna), na gefe 15. A Pokémon 60 cif, ba ƙari ba ragi, kuma babu na gefe.

A gasa mai nauyi za a ba ka takarda ka rubuta duk abin da ke cikin dek ɗinka. Ka cika ta a gida da daddare, ka ƙirga sau biyu. Na sha ganin yaro ya rasa wasa guda daga cikin wasannin da suke haɗuwa su zama karawa ɗaya, tun kafin ya ja kati, don ya rubuta 59 a tsaye a bakin ƙofa yana sauri. Bayan kowace karawa kuma ka mayar da katunan gefe wurinsu, domin sabuwar karawa da dek ɗin da ka rubuta ake fara ta.

Idan aka doke ni a zagayen farko na fita ke nan?

A'a. Yawancin gasa da tsarin Suwis ake yin ta, wanda aka aro daga dara ta Turawa, an fara amfani da shi a Zurik a 1895. Kowa yana buga dukkan zagaye, ana haɗa ka da mai maki irin naka. A Magic nasara maki 3 ce, canjaras 1, faɗuwa babu. Mutum 16 zagaye 4 yana isa a samu wanda ba a doke ba, 32 zagaye 5, 64 zagaye 6. Daga nan a ɗebi na sama, galibi 8, su yi sili-ɗaya-ƙwale. Idan maki ya zo ɗaya ana duba ƙarfin waɗanda ka kara da su.

Yaya ake cakuɗa kati yadda doka ta yarda?

Sharaɗin ɗaya ne: bayan ka gama, kada kai ko wani ya san inda wani kati yake. Rarraba kati tsibi-tsibi a kan teburi ba cakuɗawa ba ne, ƙirga ne, kuma dokar Magic sau ɗaya ta yarda a yi shi a farkon wasa. Masana lissafi biyu, Bayer da Diaconis, sun nuna a 1992 cewa karta mai 52 tana buƙatar a saƙa ta cikin juna kamar sau 7 kafin ta cakuɗu da kyau. Dek mai 60 ba zai buƙaci ƙasa da haka ba. Ka juya fuskar katin ƙasa, idonka ba a kansa ba.

Akwai wata al'ada da wasu suke ɗauka ba komai: jera katuna a gida, ɗaya na wannan biyu na wancan, wai don kada su taru wuri guda. Idan ka cakuɗa sosai bayan haka, jerin bai amfane ka ba. Idan kuwa ya amfane ka, ba ka cakuɗa ba, kuma maguɗi ke nan. In ka gama sai ka miƙa wa abokin karawarka ya cakuɗa ko ya yanka. Ka karɓi nasa kai ma, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Me ya sa alƙalai suke matsa wa mutane kan rigunan kati?

Domin ta nan ne maguɗi ya fi shigowa, wato ta 'yar ledar da ake sa kowane kati a ciki. Rigar da ta ɗan lanƙwashe a kusurwa, ko ta yi tabon farce, tana iya gaya wa mai ita katin da ke sama. Alƙali yana duba abu biyu: akwai alama, sannan alamar tana bin wani tsari? Idan riguna goma sun tsufa barkatai, gargaɗi ne da umarnin canzawa. Idan kuwa katunan da suka fi muhimmanci ne kaɗai suke da ita, maganar ta yi nauyi. A 2019, a wata babbar gasar Magic a Landan, an kori Yuuya Watanabe na Japan saboda alamomi a rigunan wasu katunan ƙasa da dek ɗinsa ya dogara da su. An dakatar da shi wata 30, aka kuma cire sunansa daga jerin gwarazan wasan.

Mu mazauna Jidda muna da namu ciwon. Laimar teku tana lanƙwasa kati mai ƙyalli har ya yi kamar kwale-kwale, kuma a cikin dek ana gane shi daga gefe. Barin akwatin kati a mota da rana shi ma yana lalata riguna. Ka ajiye katunanka a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, cikin akwati mai matsewa. In za ka sa sababbin riguna, ka cakuɗa katunan tukuna, ka cakuɗa rigunan, sannan ka sa, saboda fakiti biyu na launi ɗaya sukan ɗan bambanta.

Na sayi kati mai rubutun Japan da araha, zan iya bugawa da shi?

A Magic kati na gaske kowane harshe ya halatta, kuma rubutun hukuma na Turanci ake komawa gare shi in an yi saɓani. A Yu-Gi-Oh! akwai rabuwa: katunan kasuwar Asiya, da ake kira OCG, ba sa shiga gasar TCG, wato ta katunan sauran kasuwannin duniya. Ka tambayi mai shirya gasa kafin ka kashe riyal ɗinka. Jabun kati kuwa ba ya shiga ko'ina, ko da kai ma cutarka aka yi. Kati da ka buga a firinta na atisaye ne a gida.

Na yi kuskure a tsakiyar wasa, abokin karawata bai gani ba. In yi shiru?

Ka ɗaga hannu ka kira alƙali. Wannan ce tambayar da ta sa na zauna rubuta duk sauran.

Dokokin gasa sun san ɗan Adam yana kuskure, kuma sun tanadi matakai: gargaɗi, rasa wasa ɗaya, rasa karawa, sai kora. Yawancin kurakuran wasa gargaɗi ne, a gyara abin da zai gyaru, a ci gaba. Dokar Magic ta fayyace abin da ke mayar da laifi maguɗi: ka san abin da kake yi ya saɓa doka, kuma kana neman amfana da shi. Wato kati biyu da suka manne ka ja su tare kuskure ne. Daga lokacin da ka lura ka cusa na biyun cikin hannunka ka yi gum, ka koma mai maguɗi, kuma hukuncinsa kora.

Abin da yake hana yaranmu kiran alƙali ba mugunta ba ce, kunya ce. Mun taso a kan cewa ba a kai ƙarar babba, ba a tsinka mutum a gaban jama'a. Na ga wannan da idona a wani shago. Wani yaro ɗan shekara 15 yana karawa da wani magidanci abokin mahaifinsa. Magidancin ya yi sammacin dodo na al'ada, wato sauke katin dodo daga hannu zuwa fili, sau biyu a juyi ɗaya, alhali Yu-Gi-Oh! sau ɗaya ta yarda. Na ga yaron ya kalli katin, ya kalli mutumin, ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarmar wasansa. Aka doke shi. Da muka fito na ce, "Ƙanena, ka gani ai." Ya ce, "Yaya, ta yaya zan kira wa Kawu alƙali?" Da maganar ta kai kunnen magidancin, sai ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce da yaron, "Ɗana, da ka faɗa mini. Yanzu ka sa na ci abin da ba nawa ba." Bai lura ba ne kawai. Karar da yaron ya yi masa ta bar shi da nasarar da ya kasa jin daɗinta.

Kiran alƙali ba zargi ba ne. Ba sai ka ce wani ya yi cuta ba; ka faɗi abin da ya faru a teburi, shi ya san aikinsa. Kada kuma ku gyara da kanku ku biyu, ko da kun yarda da juna, domin sau da yawa gyaran yakan fi ɓarnar muni. Kuma ka sani, a Magic idan abokin karawarka ya karya doka ka gani ka ƙyale don ya amfane ka, kai ma ka shiga ciki. Abin da aka ɗauke maka shi ne tuna masa da tasirin katinsa mai tashi da kansa idan ya manta.

Idan alƙalin ne ya yi kuskure fa?

Yana faruwa. Ka bari ya gama magana, sannan ka ce kana son ɗaukaka ƙara zuwa babban alƙali. Haƙƙinka ne, kuma alƙalin kirki ba ya jin haushi. Hukuncin babban alƙali shi ne na ƙarshe a ranar. Idan maganar ta ci lokaci, ka roƙi a ƙara muku mintunan da suka tafi. Abin da ba a yafewa shi ne yi wa alƙali ƙarya, ko da a kan ƙaramin abu.

Ya halatta in ruɗi abokin karawata?

Nan wasannin sun rabu, kuma masu tsallakawa daga wannan zuwa wancan suna faɗawa rami. A Magic abin da ke hannunka sirrinka ne. Kana iya nuna kamar kana riƙe da maganin harinsa alhali babu. Amma ba ka ƙarya kan abin da ke fili, kamar yawan makin rai da ya rage maka a wasan ko abin da kati ya ce. Konami ya fi tsauri: ba ka bayyana abin da ke hannunka ko katin da ka kife, ba ka kuma ba da labarin ƙarya a kansa. A Yu-Gi-Oh! bakinka alekum shi ya fi.

Akwai kuma cin nasara da harafin doka. A 2016 a wata gasar Magic a Amurka, wani ya buga katin da ake ambatar sunan wani kati a toshe shi. Ya ce Borborygmos, alhali kowa ya san Borborygmos Enraged yake nufi, don shi ne a dek ɗin abokin karawarsa. Da yake akwai wani kati daban mai gajeren sunan, aka yanke cewa shi ya ambata, ya kuwa faɗi. Surutun da ya biyo baya ya sa aka gyara dokar, ya zama idan suna ya yi harshen damo sai a nemi bayani. Ni a ganina, wanda ya fahimci nufinka sarai ya yi kamar bai gane ba, ko doka ta wanke shi ya rage wa kansa daraja.

Lokaci fa? Idan salla ta riske mu a tsakiyar zagaye?

A Magic zagaye minti 50 ne a bisa al'ada, in lokaci ya cika a ƙara juyi 5, in ba a gama ba wasan ya tashi canjaras. Konami ya canza dokarsa ta ƙarewar lokaci fiye da sau ɗaya, don haka ka saurari sanarwar babban alƙali kafin zagayen farko. Jinkiri iri biyu ne. Mai dogon tunani ana yi masa gargaɗi. Wanda kuwa yake gaba ya fara jan ƙafa da gangan, yana sake karanta katin da ya haddace, yana leƙen agogo, wannan cin lokaci ne, kuma kora ce hukuncinsa.

Makara ma tana da farashi: a gasar Magic mai nauyi, rashin zama a kujera lokacin da aka fara yana jawo rasa wasa ɗaya, minti 10 kuma karawar ta tafi. Masu zuwa daga Makka su ba hanya haƙƙinta, musamman a Ramadan da lokacin Hajji. Batun salla kuwa, a nan ƙasar masu shirya gasa sun saba da shi, mu kan tsara zagaye ne tsakanin Magariba da Isha. In ta riske ku, ka gaya wa alƙali kafin ka tashi. Kada ka bar teburi haka kawai, kada kuma ka tafi da katunan hannunka cikin aljihun jallabiya.

An haɗa ni da abokina, ɗayanmu kaɗai zai haye. Za mu iya shiryawa?

Kana iya sallamawa don kanka, ba wanda zai hana ka. Magic ya yarda ku amince da canjaras. Konami bai yarda ba. Abin da duka suka haramta shi ne a sayi sakamako: "Ka bar mini, in ba ka rabin kyauta," ko fakiti, ko kuɗin mota, ko cin kaza a gidan abinci na Albaik bayan an tashi. Haka jefa kwabo ko ɗan lido don a fitar da mai nasara. Idan wani ya yi maka irin wannan tayi, ko da cikin raha, ka kira alƙali nan take. Na san yana da nauyi a ce ka yi wa abokin da kuka zo mota ɗaya haka. Amma akwai mutum na uku a wani teburi da zai rasa gurbinsa saboda cinikinku, shi kuwa bai san ana yi ba.

Ina kallon wasan ƙanena, zan iya yi masa magana da Hausa?

Kada ka yi. Ɗan kallo ba ya ba da shawara, da baki ko da ido ko da gyaran murya, kuma hukuncin yana hawa kan wanda ya bayar da wanda ya nema. Mu da muke da harshen da sauran 'yan teburin ba sa ji, sai mun fi kowa kiyayewa. Ko "ka ci abinci?" ka ce, Balarabe ko Bafilipine da ke gefen can bai san me ka faɗa ba, kuma yana da haƙƙin ya yi zargi. In ka ga an karya doka, ka ce su dakata da harshen da su biyun suke ji, ka je ka gaya wa alƙali a gefe, ba tare da ka bayyana musu abin da ka gani ba. Waya ma ta zauna a aljihu har a gama.

Me zan riƙo ranar gasata ta farko?

Dek ɗinka da takardarsa a cike, ragowar riguna masu launi ɗaya da na jikin katunan, biro da takarda, da katin shaida ko iƙama, wato katin izinin zama, idan gasar ta hukuma ce. Rigar Yu-Gi-Oh! ta fi ƙanƙanta, domin katinsa ya fi na Magic da Pokémon ƙanƙanta, kada ka sayo wadda ba ita ba. Makin rai a takarda ake rubuta shi, naka da na abokin karawa, 8000 a Yu-Gi-Oh!, 20 a Magic, kuma duk sauyin da aka samu ka faɗe shi da baki ya amsa. Ranar da lissafinku ya saɓa, takardun nan biyu alƙali zai fara dubawa. Jakarka kuma ta kasance a tsakanin ƙafafunka, igiyarta a maƙale da ƙafar kujera, kuma kafin ka tashi daga kowane teburi ka ƙirga katunanka, domin kati ɗaya yakan bi dek ɗin abokin karawa ya tafi ba da sanin kowa ba.